Muhawara: Yawan atisaye, ciwon hannu da rawar jiki a gaban taro

Ɗalibin jita:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina koyon jita, kuma ita nake ba mafi yawan yinina, har wani lokaci dare yakan raba ina kan kiɗa ɗaya. Abu biyu ne suka taso mini. Na farko, wuyan hannuna na hagu yana yi mini zafi, kuma idan na tashi da safe wasu yatsun sukan yi kamar ba nawa ba. Na biyu, kiɗan da nake yi daidai a ɗaki, da zarar na tsaya gaban mutane sai hannu ya ɗauki rawa, gumi ya jiƙa tafina, gaɓar da na fi iyawa kuma ita ce take kuɓuce mini. Abin da na ɗauka shi ne atisayen bai isa ba, shi ya sa nake shirin ƙara awanni. Ina neman shawararku kafin in yi hakan.

Baba mai goge:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi maka albarka da ka tambaya. Duk wanda ka ga ya ƙware a kiɗa, sai da hannunsa ya sha wuya kafin ya kai nan, domin yatsa ba ya sabawa da tsirkiya sai ya yi kanta, kanta kuwa ba ta fitowa sai an jure zafi. Rawar hannu a gaban jama'a ma, a iya sanina, alama ce ta cewa kiɗan bai gama zama a jikinka ba. Abin da hannu ya maimaita har ya daina neman izinin zuciya, ko an tashe ka daga barci za ka yi shi. Saboda haka ni ban ga aibi a ƙarin atisaye ba, sai dai ka yi haƙuri da jikinka kafin ya saba.

Likitar fisiyo:
Baba, Allah ya ƙara girma, ina neman izini in raba maganar ciwon gida biyu. Zafin fatar kan yatsa kafin ta yi kanta, da gajiyar tsoka wadda take wucewa idan an huta, waɗannan duk mai koyo yana gamuwa da su, kuma gaskiyarka ce a kansu. Abin da ƙanenmu ya bayyana wani abu ne daban. A wuyan hannu akwai wata matsattsiyar hanya da jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsu suke bi, tare da jijiyar da ke kai saƙon ji zuwa babban yatsa da manuni da na tsakiya. Idan mutum ya karya wuyan hannunsa sosai yana matse wuyan jita da ƙarfi na tsawon awanni, wurin yakan kumbura ya danne jijiyar da ke kai saƙon jin, sai yatsun su riƙa mutuwa ko su riƙa tsikari kamar ana sukar su da allura, musamman da dare da kuma da asuba. Idan kuwa ƙaramin yatsa ne da na kusa da shi suke mutuwa, to wata jijiyar ce daban, wadda galibi a gwiwar hannu take matsuwa.

Irin wannan ciwo ba a jure shi, domin juriya ƙara shi take yi. Jijiyoyin da ke haɗa tsoka da ƙashi jini kaɗan suke samu, don haka sun fi tsoka jinkirin ƙarfafa, sun kuma fi ta jinkirin warkewa, kuma mafi yawan raunin da makaɗa suke zuwa da shi yana biyo bayan ƙarin awanni ne na farat ɗaya gab da wani wasa ko jarrabawa. A ƙarshen shekarun 1980 an tambayi makaɗa sama da 2,000 na manyan rukunonin kiɗa a Amurka, kashi 76 cikin ɗari suka ce sun taɓa samun matsalar lafiya da ta shafi aikinsu. Ƙanena, ka rage atisayen tun yau, ka je likita ya duba hannun. Idan ka dawo, ka riƙa ɗumama hannu da kiɗa mai sauƙi kafin mai wuya, ka ajiye jitar na 'yan mintuna bayan kowane rabin awa, sannan ka gwada danna tsirkiya a hankali har ka gano mafi ƙarancin ƙarfin da ke fitar da sauti tsaf. Za ka tarar ya yi ƙasa ƙwarai da wanda kake sawa.

Malamar fiyano:
Ina goyon bayan Likita, kuma ina so in taɓa batun awanni, domin akwai wata magana da ta yaɗu cewa sai mutum ya cika awa 10,000 kafin ya ƙware. Asalinta binciken masanin halayyar ɗan Adam Anders Ericsson ne da abokan aikinsa a shekarar 1993, a kan ɗaliban biyolin (gogen Turawa) na wata makarantar kiɗa a Balin ta Jamus. Gaskiya ne cewa fitattun cikinsu sun tara kusan wannan adadi kafin su kai shekara 20. Abin da masu yaɗa maganar suke tsallakewa shi ne yadda aka tara awannin: kusan awa uku da rabi a yini, a rarrabe cikin zama gajeru, mafi yawa da safe, kuma waɗannan fitattun sun fi rukunin da ya fi rauni barci, har da na rana. Atisayen da Ericsson yake nufi shi ne wanda hankali yake tsaye a kan wani rauni takamaimai, irin wannan kuwa ƙwaƙwalwa ba ta iya ɗaukarsa yini guda cur.

Akwai wani binciken da ya fi wannan kusa da tambayar ɗana. A shekarar 2009 Robert Duke da abokan aikinsa a Jami'ar Teksas sun ba masu fiyano 17 wata gajeruwar gaɓa mai wuya, suka bar kowa ya yi atisaye gwargwadon yadda yake so, washegari aka gwada su. Tsawon lokacin da mutum ya ɗauka da yawan maimaicin da ya yi ba su nuna wanda zai fi ba. Waɗanda suka yi fice su ne waɗanda idan sun yi kuskure suke gano ainihin inda yake da abin da ya jawo shi, su rage sauri a daidai wurin, su gyara, kuma ba sa barin kuskuren ya riƙa dawowa. Mai koyo da yake komawa farkon kiɗa duk lokacin da ya yi tuntuɓe yana ƙara gogewa ne a farkon da ya riga ya iya, wurin tuntuɓen kuma yana nan yadda yake. Abin da ya fi muni, hannu ba ya bambanta daidai da kuskure, abin da aka fi maimaita masa shi yake riƙewa.

Baba mai goge:
'Yata Likita, na karɓi maganarki a kan mutuwar yatsu, wannan fagenki ne, kuma ɗana ya bi abin da kika ce. Amma Malama, ɗaliban da aka yi wa wannan bincike gaɓa ɗaya aka ba su a ɗaki mai shiru. Makaɗin da zai tsaya yana aiki awa huɗu ko biyar a taro, ba tare da an ba shi damar ajiye kayansa bayan rabin awa ba, ina zai samo ƙarfin idan bai taɓa yin doguwar tsayuwa a gida ba? Na ga masu hannu mai kyau da suka iya gyara gaɓa ɗaya-ɗaya, amma da an kai tsakiyar aiki sai kafaɗa ta gaza, kiɗan ya fara ja da baya. Gyaran gaɓa ilmi ne, juriya ma ilmi ce, kuma ban yarda a yar da ɗaya saboda ɗaya ba.

Likitar fisiyo:
Wannan gaskiya ce, Baba, kuma ba na jayayya da ita. Juriya ana gina ta, sai dai a hankali ake ƙara tsawon zaman, mako bayan mako, tare da ranakun sauƙi a tsakani, kuma ana gina ta ne a kan hannu mai lafiya da zama mai kyau. Gazawar kafaɗar da ka ambata sau da yawa daga ɗaga ta ake yi ba a sani ba, ko daga riƙe numfashi a wurare masu wuya, har tsoka ta yi ta aiki alhali ba a buƙatarta.

Akwai kuma wata lalura da ya kamata duk makaɗi ya san da ita, ko da yake ba ta da yawa. Ana kiranta distoniya, tana samun kusan ɗaya cikin ɗari na ƙwararrun makaɗa, kuma matsalar a ƙwaƙwalwa take, inda iyakar da ke tsakanin yatsa da yatsa take rikicewa bayan shekaru na maimaita motsi ɗaya mai sauri. Yawanci ba ta da zafi, sai dai mutum ya ga yatsa yana naɗewa da kansa idan ya zo kiɗa. Leon Fleisher, shahararren mai fiyano na Amurka, ya rasa amfanin hannunsa na dama a 1964 yana da shekara 36, ya koma kiɗa da hannun hagu da koyarwa, kuma sai a shekarun 1990 ya dawo kiɗa da hannu biyu. Abin tausayi a wannan lalura shi ne wanda ta fara kamawa yakan zaci rashin atisaye ne, sai ya ƙara, ƙarin kuma ya daɗa tsananta ta.

Mawaƙiya:
Ku ba ni dama in koma rabi na biyu na tambayar, domin a nan nake ganin ƙarin awanni ba zai yi magani ba ko da hannun lafiyarsa lau. Idan idanu suka yi wa mutum yawa, jiki yakan ɗauka haɗari ne ya taso, sai ya saki sinadarin adirenalin. Zuciya ta ƙara bugu, jini ya karkata zuwa manyan tsokoki, yatsu su yi sanyi, baki ya bushe, numfashi ya koma sama-sama. Wannan shiri ne na gudu ko faɗa, kuma ba ya tambayar ko ka iya kiɗanka. Pablo Casals, wanda duniya ta sallama masa a kiɗan celo (babban gogen Turawa), ya yi fama da faɗuwar gaba kafin wasa har tsufansa. Barbra Streisand, shahararriyar mawaƙiyar Amurka, ta manta baitin waƙa a gaban babban taro a birnin Niyok a 1967, ta yi kusan shekara 27 tana guje wa manyan wasanni. Babu mai cewa waɗannan atisaye ne ya yi musu kaɗan.

Ƙanena, kai a ɗaki ka koyi kiɗa da zuciya kwance, kana tsayawa ka gyara duk lokacin da ka so. A dandamali ana neman ka yi shi sau ɗaya, ba tsayawa, da zuciya mai bugu. Wannan aiki ne na biyu, kuma shi ma sai an koye shi. Ka keɓe wani lokaci da za ka yi kiɗan daga farko zuwa ƙarshe ba tare da tsayawa ba, ko me ya faru, wayarka tana naɗa. Ka hau matakala da sauri har zuciyarka ta ɗauki bugu, sannan ka ɗauki jitar nan take, domin hannunka ya san aiki a cikin wannan yanayi. Daga nan ka yi wa mutum ɗaya, sai uku, sai goma. Kafin ka fara kuma, ka ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali ya fi shigarsa tsawo, domin doguwar fitar numfashi tana rage gudun zuciya.

Mabushin sarewa:
Yaya, duk wannan yana da kyau, amma akwai abin da ake yi a ɓoye wanda ya kamata a faɗe shi a fili. Makaɗa da yawa suna shan wata ƙwaya kafin su hau dandamali, wadda take hana hannu rawa. A wancan binciken na Amurka da Likita ta ambata, kashi 27 cikin ɗari sun ce suna amfani da irinta. Mu masu busa, idan leɓe ya ɗauki rawa ko baki ya bushe, aiki ya tsaya gaba ɗaya. Idan manyan ƙwararru suna sha, me zai hana mai koyo ya sauƙaƙa wa kansa?

Likitar fisiyo:
Malam, na gode da ka fito da wannan, domin ɓoye shi ya fi haɗari. Maganin da aka fi nufi shi ne furofaranolol, wanda asalinsa na hawan jini da ciwon zuciya ne. Yana toshe tasirin adirenalin a jiki, don haka bugun zuciya da rawar hannu sukan ragu, amma ba ya taɓa tunanin da ke cewa za ka ji kunya. Ga mai asma yana iya toshe numfashi har ya kai ga halaka, ga mai ƙarancin bugun zuciya ko ƙarancin hawan jini yana iya jawo suma, ga mai ciwon sukari kuma yana iya ɓoye alamun faɗuwar sukari. Likita yana iya rubuta shi ga wanda ya bincika ya ga ya dace, wannan tsakaninsu ne. Karɓar ƙwaya daga hannun abokin aiki a bayan dandamali shi ne abin da nake roƙon kowa ya guje wa. Haka nan giya da sauran kayan maye, waɗanda suke dusashe tsoro su kuma dusashe kunne da saitin hannu tare, ga jaraba da ke biyo baya. Wanda fargabar ta kai shi ga ƙin karɓar aiki ko rashin barci, akwai masana halayyar ɗan Adam da suke magance wannan ta hanyar gyaran tunani da sabawa da taro mataki-mataki, kuma hanya ce da aka jarraba aka ga amfaninta.

Ɗalibin jita:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan je a duba hannun. Abu ɗaya ne har yanzu ban gane ba: me ya sa gaɓar da na fi iyawa ita ce take watsewa, mai wuyar kuma wani lokaci ta wuce lafiya?

Malamar fiyano:
Tambaya ce mai kyau, ɗana. Sian Beilock, masaniyar halayyar ɗan Adam, ta yi bincike mai yawa a kan yadda ƙwararru suke sarƙewa idan an matsa musu. Motsin da ya riga ya zauna a jiki yana tafiya ne ba tare da sa ido ba. Idan tsoro ya zo, mutum yakan fara leƙen yatsunsa yana so ya tabbatar da kowane motsi, wannan leƙen kuwa shi ne yake wargaza abin da dā yake tafiya da kansa. Gaɓa mai wuya ka saba yin ta da hankali a tsaye, don haka sa ido ba baƙon abu ba ne a wurinta. Maganin shi ne ka ba hankalinka wani aiki a waje da jikinka: sautin da kake so ya fita, inda jimlar kiɗan ta dosa, ko bugun da kake tafiya a kai.

Akwai dalili na biyu. Wanda kullum daga farko yake farawa, haddarsa sarƙa ce, kowace gaɓa ita take kiran ta gaba, idan ɗaya ta tsinke sauran sun tafi. Ka sa wa kiɗan tashoshi da yawa, ka koyi farawa daga kowace, har daga ta ƙarshe ka yo baya, ta yadda idan ka ɓace za ka faɗa tasha ta gaba ka ci gaba.

Tunda hannun zai huta, ga abin da zai kwantar maka da hankali. A 1995 masanin ƙwaƙwalwa Alvaro Pascual-Leone ya sa wasu mutane koyon wani motsin yatsu biyar a fiyano, awa biyu kullum har kwana biyar, wasu kuma suka zauna suna yin motsin a zuci kawai. Sashen ƙwaƙwalwa mai kula da yatsu ya sauya a duka rukunonin ta hanya mai kama da juna, ko da yake masu taɓa fiyanon sun fi gwaninta. A 2002 kuma Matthew Walker da abokan aikinsa a Jami'ar Harvard sun nuna cewa saurin wani motsin yatsu da aka koya yana ƙaruwa da kusan kashi 20 cikin ɗari bayan barcin dare, ba tare da ƙarin atisaye ba, alhali zama a farke na tsawon wannan lokaci bai kawo haka ba. Daren da kake rabawa kana kiɗa, daga lokacin da ƙwaƙwalwa take adana aikin yini kake yankowa.

Mawaƙiya:
Ina ƙarawa da wani abu. Wata mai bincike, Alison Wood Brooks, ta gwada masu rera waƙa a gaban baƙo a 2014, waɗanda aka sa suka ce wa kansu ɗoki suke ji sun fi waɗanda suka ce tsoro suke ji rerawa daidai. Bugun zuciyar iri ɗaya ne, fassarar da mutum ya yi masa ce take sauya aikinsa. Kuma ina roƙon masu koyarwa a cikinmu su duba kansu, domin ɗalibin da aka saba daka wa tsawa a kan kowane kuskure yakan hau dandamali da muryar malaminsa a kunne, yana jiran tsawar tun kafin ya yi laifin.

Baba mai goge:
A kan tsawa ina da ja, 'yata. Malamin da ba ya nuna ɓacin rai a kan sakaci yana cutar ɗalibinsa, domin jama'a ba za su yi masa sassaucin da aka yi masa a gida ba. Abin da na yarda da shi shi ne a tsawata a kan rashin kula, kada a tsawata a kan kuskuren mai ƙoƙari, kuma kada a muzanta yaro a gaban 'yan'uwansa. Batun faɗa wa kai magana kafin a fara kuwa, wanda ya yi masa amfani ya riƙe. Ni abin da yake tsayar mini da hannu shi ne in zaɓi mutum ɗaya a cikin taron in yi masa kiɗan, domin idan hankalina yana kan abin da nake ba shi, ba ya samun sararin komawa kaina. Sannan ɗana, ka sani mafi yawan masu sauraro ba su san ka yi kuskure ba sai sun gani a fuskarka. Idan yatsa ya zame, ka riƙe bugun, ka saki fuska, ka wuce. Karyewar bugu ita ce kowa yake ji.

Injiniyan sauti:
Iyayena, an yi maganar hannu da zuciya, ba a taɓa kunne ba, alhali shi ne ba ya warkewa. Ƙananan ƙwayoyin ji da ke can cikin kunne idan suka mutu ba sa sake fitowa. Ma'aunin da hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta bayar shi ne desibel 85 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne) na awa takwas a yini, kuma duk ƙarin desibel uku yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 100 kuwa minti 15 kacal. Ganga a ƙaramin ɗaki, ko tsayuwa a gaban lasifika, suna kai wa wannan mataki cikin sauƙi. Wanda ya tashi daga atisaye kunnensa yana ƙara, ko yana jin maganar mutane kamar daga cikin ruwa, ya wuce iyaka a ranar.

Mabushin sarewa:
Malam, matsalar abin toshe kunne ita ce yana kashe sautin sama ya bar na ƙasa, ga shi mai busa yana jin kansa yana amsa-kuwwa a cikin kai, har ya kasa sanin ko sautinsa ya yi daidai da na sauran.

Injiniyan sauti:
Na soso ne yake yin haka, irin na masu aiki a masana'anta. Akwai na makaɗa mai matata a ciki, wanda yake rage dukkan sautuka kusan daidai wa daida, ana samunsa mai rage desibel 9 ko 15 ko 25, kuma wanda aka auna da ramin kunnen mutum ya shiga ciki sosai yana rage wannan amsa-kuwwar da kake faɗa. Yana ɗaukar makonni kafin kunne ya saba, don haka a fara sa shi a atisayen gida kafin a kai shi wurin aiki. Mai busa ya fara da mai rage 9, mai ganga kuma ya nemi na 15 ko sama da haka, sannan a juya lasifika ta daina fuskantar kunne kai tsaye, a kuma je a auna ji sau ɗaya a shekara.